Shinkafa, Haraji da Giyar Sake a Tarihin Japan

Gabatarwa

A cikin watan Disamba na shekarar 2024 Hukumar UNESCO ta shigar da sana'ar dafa giyar shinkafa ta mutanen Japan cikin jerin al'adun gado na duniya. Wannan giya ita ce aka sani a ƙasashen waje da suna Sake, kalma ce ta harshen Japan wadda ba ta da dangantaka da "sake" ta Hausa. Su kuwa masu ita sun fi ce mata nihonshu, watau giyar Japan.

Ba a ɓoye yake ba cewa Musulunci ya haramta giya, kuma maƙasudin wannan lacca ba ya wuce nazarin tarihi. Dalilin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne matsayin shinkafa a ƙasar Japan. Ƙarnuka da dama ita ce abinci, ita ce haraji, da ita ake biyan albashin mayaƙa, da ita ake auna girman sarauta. Saboda haka duk mudun da ya shiga randar giya, daga akushin wani aka ɗauke shi. Kowace gwamnati da ta mulki ƙasar sai da ta yanke shawara a kan wannan: ko ta hana, ko ta ƙayyade, ko ta ci moriya. Laccar za ta bi sawun waɗannan shawarwari, ta nuna yadda suka taɓa baitulmali, suka taɓa manomi, har suka sauya ɗanɗanon giyar kanta.

Yadda ake yin ta

Kafin a shiga tarihi ya kamata a fahimci aikin. Hatsi sitaci ne, yis kuwa ba ya iya mai da sitaci barasa sai an fara mai da shi sukari. Masu dafa burukutu suna warware wannan matsala ta hanyar jiƙa dawa ta yi tsiro. Mutanen Japan ba su bi ta nan ba, domin shinkafar da aka surfa ba ta tsirowa. Abin da suke yi shi ne su turara ta, su barbaɗa mata irin wata fumfuna, su ajiye ta a ɗaki mai ɗumi har kimanin kwana biyu. Shinkafar da fumfunar ta kama ita ce koji, ita ce kuma ke narkar da sitaci ya zama sukari. Da irin wannan koji ake yin miso da ruwan waken soya, waɗanda suke wa girkinsu aikin da daddawa ke yi wa miyar Bahaushe.

Daga nan sai a renon yis a ƙaramin mazubi, a juye shi a babba, a riƙa ƙara shinkafa da koji da ruwa sau uku cikin kwana huɗu. A cikin randa ɗaya koji na fitar da sukari, yis na cinye shi a lokaci guda, har tsawon mako uku zuwa biyar. Wannan ne ya sa ƙarfin barasarta kan kusa kashi 20 cikin 100 ba tare da an tace ta da wuta ba. Bayan an matse an tace, akan sirka ta da ruwa ta dawo wajen kashi 15.

Daga wurin bauta zuwa fada

Noman shinkafa a fadama ya shigo tsibirin Kyushu daga nahiyar Asiya fiye da shekaru 2,500 da suka wuce. Wani littafin tarihi na ƙasar Sin na ƙarni na 3 ya ambaci cewa mutanen tsibiran nan masu son giya ne, har a wurin makoki suna sha. Littafin Kojiki na shekarar 712, wanda ya tattara tatsuniyoyin asalin ƙasar, ya kawo labarin Susano'o da ya bugar da wani maciji mai kai takwas da giya kafin ya kashe shi. Rubuce-rubucen larduna na ƙarni na 8 sun ambaci hanyoyi biyu: tsohuwar hanya ta tauna shinkafa a tofa a tukunya yawu ya narkar da ita, da kuma hanyar fumfuna wadda ta ɗore.

A wancan zamani giyar ta bukukuwan addinin Shinto ce da ta fada. Akwai ofishi na musamman a fadar Sarkin Japan mai kula da dafa ta, kuma kundin dokokin Engishiki na shekarar 927 ya tsara nau'o'inta da yawan shinkafa da koji da ruwan da kowanne zai ci. Watau tun farkon abin da aka rubuta game da ita, Sake tana cikin littafin ma'aikacin gwamnati.

Hani, sa'an nan haraji

Da mulki ya koma hannun mayaƙa, shugabansu mai laƙabin Shogun ya zauna a Kamakura, kasuwanci ya bunƙasa, giya ta zama hajar sayarwa. A shekarar 1252 gwamnatin mayaƙan ta hana cinikinta. Aka bi gida gida a Kamakura aka ƙidaya tuluna 37,274, aka ba da umurni kowane gida ya riƙe ɗaya, a farfasa saura. Masana tarihi suna danganta wannan doka da tsare hatsi da kuma tsare tarbiyyar mayaƙa.

Hanin bai ɗore ba. Gwamnatin gidan Ashikaga da ta biyo baya ta zauna a Kyoto, ba ta da filaye masu yawa da za su ciyar da ita, sai ta dubi attajiran birni. A shekarar 1393 ta ɗora wa masu dafa giya da masu ba da bashi da ruwa haraji na kan 6,000 a shekara, kowane kan ɗaya kuwa tsabar tagulla dubu ce a shirye a igiya. Sau da yawa mai giyar shi ne mai ba da bashin. Wani lissafi na shekarar 1425 ya nuna gidajen dafa giya 342 a Kyoto da kewayenta. Cikin shekaru 140 abin da aka farfasa tulunansa ya zama ginshiƙin baitulmali.

Inda kuɗi ya taru kuwa rigima ba ta nisa. A 1419 gwamnati ta ba ƙungiyar masu yin koji ta wurin bautar Kitano ikon yin sa ita kaɗai, aka rushe ɗakunan koji na masu giya. Masu giyar suka nemi goyon bayan babban gidan ibadar Enryakuji, gwamnati ta juya ta janye ikon. A 1444 'yan ƙungiyar suka shige wurin bautar suka ƙi fita, dakaru suka far musu, gobara ta cinye gine-ginen. Daga nan yin koji ya koma cikin gidan mai giya, inda yake har yau.

A wannan zamani ne kuma gidajen ibada na addinin Buddha, musamman na yankin Nara irin su Shoryakuji, suka kyautata sana'ar, ko da yake ƙa'idar addininsu ta hana shan giya. Su ne suka shahara da yin amfani da surfaffiyar shinkafa zalla. Littafin ajiye labarun yau da kullum na Tamon'in, na gidan ibadar Kofukuji, ya nuna cewa a shekarun 1560 ana ɗumama giya da wuta don kada ta lalace. Wannan ya riga binciken Louis Pasteur na Faransa da kimanin shekaru 300, sai dai masu yi ba su san dalilin da ya sa dabarar ke aiki ba.

Zamanin Tokugawa: giya a matsayin ma'aunin farashi

Daga 1603 zuwa 1868 gidan Tokugawa ya mulki ƙasar daga Edo, wadda ita ce Tokyo ta yau. Ma'aunin dukiya shi ne koku, kimanin lita 180 na shinkafa, abin da ake ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Ba a kiran mutum sarkin lardi sai ƙasarsa ta kai koku 10,000. Manomi da shinkafa yake biyan haraji, mayaƙi da shinkafa ake biyansa, shi kuma ya sayar ya sami kuɗin kashewa. In ta yi tsada talakan birni ya tayar da tarzoma, in ta yi araha mayaƙi ya shiga bashi.

Masu dafa giya suna cikin manyan masu sayen shinkafa, don haka gwamnati ta mai da su abin daidaita kasuwa. A 1657 ta kafa tsarin lasin wanda ya rubuta yawan shinkafar da kowane gida zai dafa. A 1673 ta hana dafawa sai a lokacin hunturu, bayan an ga abin da kaka ta bayar. A yunwar Tenmei ta shekarun 1780 an rage abin da aka yarda a dafa zuwa rabi, daga baya zuwa sulusi. A shekarun yalwa kuwa, kamar 1754 da 1806, sai a sakar musu mara su dafa iyakar iyawarsu don farashi ya ɗaga. Harajin kai tsaye bai yi nasara ba: a 1697 an ɗora rabin farashi a kan giyar, masu sana'a suka rage dafawa, abin da aka sa rai bai shigo ba, aka soke shi a 1709.

Dokar hunturu ta haifar da abubuwa biyu da mai dokar bai nufa ba. Na farko, sanyi yana hana ƙwayoyin da ke ɓata giya yaɗuwa, saboda haka giyar ta ƙara kyau. Na biyu, manoman yankunan da dusar ƙanƙara ke rufewa, irin su Tanba da Echigo da Nanbu, suka sami aikin yi. Sukan bar gida bayan girbi su tafi gidajen giya ƙungiya ƙungiya, su dawo kafin shuka, kamar dai 'yan cin rani. Shugaban ayarin shi ne toji. Mai gida yana da jari da lasin, amma ilmin yana hannun toji, manomi ɗan ƙauye.

Kasuwa mafi girma ita ce Edo, mai mutane kimanin miliyan ɗaya, giya mai kyau kuwa tana yamma, kusa da Osaka. Garuruwan Itami da Ikeda ne suka fara rinjaye, sa'an nan yankin Nada da ke bakin teku tsakanin Kobe da Nishinomiya ya ƙwace kasuwar. Dalilai uku ne. Yana da tashar jiragen ruwa a ƙofar gida. Ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun Rokko suna juya injinan surfe na ruwa, waɗanda suka fi ƙafar mutum aiki nesa ba kusa ba. Sa'an nan wajen 1840 wani mai giya, Yamamura Tazaemon, ya gane cewa ruwan wasu rijiyoyi na Nishinomiya ya fi ƙarfafa yis. Tun 1730 aka ware jirage na musamman don dakon gangunan itace masu cin kimanin lita 72, kuma a farkon ƙarni na 19 abin da ke isa Edo a wasu shekaru ya wuce ganga miliyan ɗaya.

Zamanin Meiji: giyar da ta sayi jiragen yaƙi

Juyin 1868 ya kawo gwamnati mai niyyar kafa masana'antu da rundunar soja irin ta Turawa. Yarjejeniyoyin da aka tilasta wa Japan sun hana ta ɗaga kuɗin fito yadda take so, manoma kuma sun sha tayar da ƙayar baya a kan kuɗin ƙasa da aka tsara a 1873. Sai ido ya koma kan giya. A 1871 aka soke tsohon lasin, duk mai iya biya ya buɗe gida, adadin gidajen ya wuce 20,000. Daga nan aka shiga ƙara haraji a kai a kai. A 1882 masu sana'ar suka kira taron ƙin amincewa tare da ɗan gwagwarmayar neman majalisa Ueki Emori. 'Yan sanda suka hana taron a Osaka, aka yi shi a cikin jirgin ruwa a kogin Yodo, aka ƙarasa a Kyoto. Gwamnati ba ta sassauta ba.

Bayan yaƙi da Sin na 1894 zuwa 1895 an ƙara harajin don faɗaɗa soja. A 1899 harajin giya ya zarce kuɗin ƙasa, ya zama na ɗaya, yana kawo kimanin sulusin duk harajin gwamnatin tsakiya a jajibirin yaƙi da Rasha na 1904 zuwa 1905. A wannan shekara ta 1899 kuma aka haramta dafa giya a gida baki ɗaya, domin duk ƙwaryar da manomi ya dafa wa kansa asara ce ga baitulmali. Farar giya mai kauri da ake kira doburoku, wadda ƙauyawa suka gada kaka da kakanni, ta wayi gari laifi ce. Mai nazarin tarihin Nijeriya zai tuna cewa a daidai wannan zamani kuɗin fiton barasar Turai babban kaso ne na kuɗin shigar gwamnatin mulkin mallaka a Kudu, alhali an hana shigo da ita Arewa, kuma daga baya an haramta ogogoro da mutane ke tacewa da kansu.

Gwamnatin da ta dogara da giya ba ta iya zuba ido randuna su riƙa lalacewa, abin da yake faruwa a kai a kai a lokacin. Saboda haka Ma'aikatar Kuɗi, ba ta gona ko ta ciniki ba, ita ce ta kafa cibiyar binciken dafa giya a Takinogawa ta Tokyo a 1904. Daga cibiyar ne aka sami hanyar yamahai a 1909, wadda ta kawar da wahalar dama shinkafa da muciya, da hanyar sokujo a 1910, wadda ta rage lokacin renon yis zuwa kimanin rabi. A 1911 aka fara gasar sabuwar giya ta ƙasa. Aka riƙa ɗebo yis daga gidajen da suka yi fice ana rarraba wa kowa da lamba: mai lamba 6 daga gidan Aramasa na Akita, mai lamba 7 daga gidan Masumi na Nagano a 1946. Lardin Hyogo ya fitar da irin shinkafar Yamada Nishiki a 1936, wanda har yau shi ne kan gaba a wannan sana'a. Amfanin koji ya ma ƙetare giya: a 1894 Takamine Jokichi ya yi rajistar maganin narkar da abinci da ya samo daga gare shi a Amurka.

Yaƙi da abin da ya bari

Da yaƙi da Sin ya ɓarke a 1937, shinkafa ta yi ƙaranci, aka rage kason masu giya. 'Yan kasuwa suka riƙa tsarma ta da ruwa har jama'a suka laƙaba mata suna giyar kifi, wai kifi zai iya iyo a ciki bai bugu ba. Gwamnati ta ƙayyade ƙarfin barasa da doka, ta yarda a ƙara tatacciyar barasa, kuma a 1943 ta raba giyar aji aji, mafi girman aji ya fi biyan haraji. A 1949 aka yarda da hanyar da ke ninka giya sau uku ta ƙara barasa da sukari da sinadarin tsami.

Dabarar ƙunci ce, amma ta daɗe bayan ƙuncin ya wuce, domin tana da riba ga masu sana'a, tana da riba ga baitulmali. Shan Sake ya kai ƙololuwa a 1973, wajen kilolita miliyan 1.7, daga nan ya kama gangara. Matasa sun koma ga giyar kwalba irin ta Turai da wiski, suna ɗaukar Sake abin shan tsofaffi mai zaƙi da sa ciwon kai. Tsarin aji kuma ya ruɗa mai saye, domin ajin yana nuna harajin da aka biya fiye da kyan abin da ke cikin kwalba. Wasu ƙananan gidaje na karkara suka daina kai giyarsu mai kyau a tantance, suka sayar da ita a aji na biyu da araha. Masu sha suka gane, suka shiga neman giyar larduna irin su Niigata.

A ƙarshe doka ta bi bayan kasuwa. A 1990 aka kafa sababbin sunaye, a 1992 aka soke aji, a 2006 aka fitar da giya mai ninki uku daga ma'anar Sake. Abin da mai saye ke dubawa a kwalba yanzu shi ne kayan haɗi da zurfin surfe. Junmai na nufin shinkafa da koji da ruwa kaɗai. Honjozo an surfe ƙwaya har abin da ya rage bai wuce kashi 70 cikin 100 ba, an ƙara barasa kaɗan. Ginjo bai wuce kashi 60 ba, daiginjo bai wuce kashi 50 ba, kuma an fi shan waɗannan biyu da sanyi saboda ƙamshinsu, sauran kuwa akan ɗumama su. Ladabin sha bai sauya ba: mutum yana zuba wa abokin zamansa, shi ma a zuba masa, ango da amarya kuma suna kurɓa daga ƙoƙuna uku a ɗaurin auren Shinto.

Abu ɗaya ne gwamnati ta ƙi saki. Wani marubuci, Maeda Toshihiko, ya dafa doburoku a fili don ya ƙalubalanci dokar 1899, amma a 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hanin bai saɓa wa tsarin mulki ba, tun da an yi shi ne don tsare haraji. Daga 2003 an yarda wa wasu manoma masu masaukin baƙi a keɓaɓɓun yankuna su dafa da lasin, amma dafawa a gida laifi ce har yanzu, ko da yake harajin dukan nau'o'in giya bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na harajin ƙasa ba.

Kammalawa

Abin da ake sha a cikin Japan yanzu ya yi ƙasa da sulusin na 1973, gidajen da ke aiki kuwa dubu ɗaya ne da 'yan kai. Kasuwar waje ce ke ƙaruwa: a 2022 an fitar da ta kimanin yen biliyan 47, mafi yawa zuwa Sin da Amurka da Hong Kong.

Tarihin nan ya bar darussa uku ga mai riƙe da alƙalamin gwamnati. Na farko, doka takan haifi abin da ba a nufa ba: dokar hunturu ta 1673 don tsare hatsi aka yi ta, sai ga shi ta gyara giya ta kuma kafa ayarin toji. Na biyu, matakin gaggawa yana da wuyar janyewa in akwai masu cin moriyarsa: giya mai ninki uku ta shekara 57, hanin 1899 kuwa ya wuce ƙarni. Na uku, hukumar da ke karɓar haraji daga sana'a tana iya mai da wani abu cikinta, kamar yadda cibiyar 1904 ta yi, har ilmin ya amfani wasu fannoni.

Tsohuwar gasa tsakanin akushi da randa kuma ba ta ƙare ba. A 2024 da 2025 farashin shinkafar ci ya yi tashin gwauron zabi har ya kusa ninkawa, gwamnati ta buɗe rumbunanta na ajiya, masu dafa giya suka shiga fargabar manoma za su bar noman irin shinkafarsu su koma ga ta ci. Matsalar da ta sa aka ƙidaya tuluna a Kamakura a 1252 ita ce ta dawo teburin ma'aikatan Tokyo bayan shekaru fiye da 770.